Mai kyamara ta ci kyauta, wanda aka ɗauka an tasa ƙeyarsa: ina adalcin yake?

Sagir_Kurna:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani abu ne ya tsaya mini a wuya, nake so masu harkar kyamara da 'yan jaridar da ke cikinmu su fitar da ni daga duhu.

Akwai wata mata mai shirya dokumentari a Amurka, sunanta Cristina Ibarra. Tsatsonta na Meksiko ne, amma a El Paso ta tashi, garin da ke bakin iyaka a jihar Teksas. Ita da mijinta Alex Rivera suka yi wani fim mai suna The Infiltrators, a kan wani gidan da ake tsare baƙin haure a Fulorida. An fara haska shi a bikin fina-finai na Sundance a watan Janairun 2019, ya kwaso kyaututtuka biyu. Ba a rufa wata biyu ba, ɗaya daga cikin waɗanda labarin ya ginu a kansu, wani magidanci ɗan Ajantina mai suna Claudio Rojas, ya je ofishin shige da fice sa hannun da ya saba yi, suka riƙe shi, ana saura kwanaki kaɗan a nuna fim ɗin a Miami. A watan Afrilu suka ɗora shi a jirgi sai Ajantina, iyalinsa na Amurka. Mutumin da ya yi kusan shekara 20 a ƙasar.

Su kuma masu fim fa? A 2021 gidauniyar MacArthur ta zaɓe su, mata da miji, kowanne dala 625,000.

To don Allah, wannan ba shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ba? A ganina duk wanda ya saita kyamara a kan mutumin da ba shi da takardu ya san abin da zai iya biyo baya, kuma ya san ba shi zai kwana a ciki ba.

Ummi_Tudunwada:
Wa alaikumus salam. Innalillahi, bawan Allah. Shekara ashirin kuma a raba shi da 'ya'yansa saboda fim? Allah ya isar masa.

Bashir_Bronx:
Malam Sagir, abin da ka kawo duk ya faru, amma daga tsakiya ka ɗauko labarin. Bari in ja shi baya kaɗan.

Ba masu fim ne suka ƙirƙiro shiga gidan ba. A 2012 abin ya faru, kuma wasu matasa marasa takardu ne suka shirya shi da kansu, 'yan wata ƙungiya da ake kira National Immigrant Youth Alliance. Yara ne da aka kawo su Amurka tun suna ƙanana, a can suka yi makaranta, Turancinsu ba ka bambanta shi da na 'yan ƙasa, amma ba takarda. A lokacin gwamnatin Obama tana ta cewa masu manyan laifuka kawai take kora. Sai ɗan shi wannan Claudio ɗin ya tuntuɓe su, ya ce ga mahaifinsa can a tsare a Broward, wato gidan nan na Fulorida, ba ɓarawo ba ne, ba ɗan ƙwaya ba, kuma ana shirin mayar da shi gida. Shi ne biyu daga cikinsu, Marco Saavedra da Viridiana Martinez, suka kai kansu wurin jami'an iyaka da gangan domin a kama su a kai su gidan, su ga su waye a ciki.

Kenan tun kafin a yi zancen wani fim, Claudio yana hannu, ƙafarsa ɗaya a jirgi. Kururuwar da yaran nan suka tayar, da yajin cin abincin da shi kansa ya yi, su suka fito da shi a 2012. Shekarun da ya ƙara yi da iyalinsa daga nan zuwa 2019, surutu ne ya saya masa su, ba shiru ba.

Sagir_Kurna:
Na gode Malam Bashir. Amma ka duba, daga 2012 yana zuwa yana sa hannu yana komawa gida lafiya lau. Fim na fitowa suka damƙe shi. Ruwa ba ya tsami banza.

Lauya_Hadiza:
@Sagir_Kurna abin da lauyoyinsa suka faɗa kenan, cewa ramuwar gayya ce saboda ya buɗe baki, alhali tsarin mulkin Amurka ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa. Ni ma zuciyata ta fi karkata can, don lokacin da aka zaɓa ya yi daidai da yawa. Sai dai mu riƙa haɗawa da wani abu: a Janairun 2017 Trump ya sa hannu a wani umarni da ya rushe tsarin nan na fifita masu manyan laifuka. Daga nan duk wanda ke da tsohon umarnin barin ƙasa a kansa ya zama abin farauta. Mutane da yawa da ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba sun je sa hannu ba su dawo gida ba. Don haka ko da fim ko babu, mutumin nan a kan siraɗi yake.

Kuma ba ka faɗa wa zaure ƙarshen ba: ya koma Amurka a 2021, bayan fafutukar da masu fim ɗin suna cikin waɗanda suka tsaya a kanta. Nawa ne cikin waɗanda aka kora a shekarar suka samu wanda ya san sunansu, balle ya bi musu kadi?

Sagir_Kurna:
Ya koma bayan shekara biyu, ranki ya daɗe. Wa zai biya shi shekara biyun?

Editan_Zoo_Road:
Ni matsalata da fim ɗin daban ce. Na kalle shi, kuma a matsayina na wanda tace hoto ne abincinsa, wannan ba dokumentari ba ne tsantsa. Kusan duk abin da ya faru a cikin gidan 'yan wasa ne suka kwaikwaya, da haske mai kyau, da kiɗa a ƙasa. In mu muka yi haka a nan sai a ce mun shirya drama. Su kuma aka ba su kyauta.

Zainab_BUK:
Yaya Edita, to ya kake so su yi? Kamfani mai zaman kansa ne ke tafiyar da gidan, GEO Group, kwangila gwamnati ta ba shi, kuma ba a shiga da kyamara. Kana nufin duk wurin da hukuma ta rufe ƙofa shi kenan labarinsa ya mutu? Ai sun ji daɗi kenan.

Kuma ba su yaudari kowa ba. Suna nuna maka mutumin gaske, su nuna maka ɗan wasan da zai tsaya a madadinsa, ka san wane ne wane. Abin da ke waje, ɗakin da 'yan ƙungiyar suka tare suna amsa waya, da iyalai, da zanga-zanga, duk hoton gaske ne na 2012. Na ciki kuma daga bakin waɗanda suka zauna a gidan aka rubuta shi.

Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne lambar waya. Makamin nasu kenan gaba ɗaya. Marco ya shiga, yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya a tsakar gidan yana miƙa musu lamba a 'yar guntuwar takarda, ya ce ka kira, ko ka ba iyalinka su kira. A waje kuma yara na zaune da kwamfutoci suna rubuta sunan kowa da tarihin shari'arsa, suna buɗe masa takardar koke a intanet, suna damun ofisoshin 'yan majalisa da kira. Wasu mutanen ma tsoron karɓar takardar suke yi, sun ɗauka tarko ne. Ta yaya za ka nuna wannan tsoron in ba ka sake gina wurin ba?

Editan_Zoo_Road:
Ƙanwata, ban ce sun yi ƙarya ba. Cewa na yi da zarar ka kawo ɗan wasa, kai ke zaɓar yadda zai ɗaga gira da inda zai yi shiru. Mai gadin da aka nuna da mugun kallo, wa ya tabbatar haka fuskarsa take? Mai kallo kuma ba ya riƙe wannan iyakar a kansa, bayan minti ashirin ya manta wane ne na gaske.

Zainab_BUK:
Kai ma in kana tace hirar gaske ai kai ke zaɓar inda za ka yanke, Yaya.

Editan_Zoo_Road:
Wannan kam ba musu.

Dan_Maliki77:
Ni fa ban gane ba. Mutum ya shiga ƙasar wasu ba izini, ko bizarsa ta ƙare ya ƙi fita, an kama shi, sai kuma a ce an zalunce shi? Kowace ƙasa da dokarta. Mu nan ba mu kori 'yan Ghana a 1983 ba?

Hajiya_Kumasi:
@Dan_Maliki77 ɗana, da ka san abin da korar 1983 ta yi wa gidaje da ba ka kawo ta a matsayin hujja ba. Kafin ita ma Ghana ta kori namu a 1969, Hausawa da Yarabawa da aka haifa a zango ba su san wata ƙasa ba. Kowanne cikinsu doka ce, kuma kowanne ya bar tabo. Doka ba ta hana a tambayi yadda aka aiwatar da ita.

Bashir_Bronx:
Ƙari a kan maganar Hajiya: zama ba takardu a Amurka ba a kotun masu laifi ake shari'arsa ba, a kotun shige da fice ne. Illar hakan ita ce gwamnati ba ta ba ka lauya kyauta kamar yadda take ba wanda ake tuhuma da kisa. In ba ka da kuɗi, kai kaɗai za ka tsaya gaban alƙali. A ciki kuma ana sa su aikin kicin da shara a kan dala ɗaya a yini.

Zancen sa hannun nan da Malam Sagir ya ambata, mu nan muna ganinsa da ido. Akwai wani bawan Allah ɗan Afirka ta Yamma da muke sallah tare, an ɗaura masa na'urar nan da hukuma ke bin sawun mutum da ita a idon sawu. Wando mai faɗi yake sawa don ya rufe ta, in ya zauna tahiya sai ka ga yana gyara ƙafa saboda tana danne masa ƙashi. Ranar da zai je ofishinsu, mukullin ɗakinsa da katin bankinsa yake bar wa maƙwabci, ya yi sallama da kowa kamar mai tafiya aikin Hajji. In ya dawo da yamma a yi masa barka. Haka Claudio ya rayu shekara da shekaru. Wanda ke cikin wannan halin ba sai mai fim ya koya masa menene haɗari ba.

Maman_Ilham:
Ni ta wani fim ɗin na san matar nan, kuma shi ya sa ban yarda da cewa hawayen talaka take sayarwa ba. Las Marthas, na 2014. A garin Laredo, shi ma bakin iyaka, duk shekara ana gagarumin bikin zagayowar haihuwar George Washington, kuma 'yan matan manyan gidaje, akasarinsu 'yan asalin Meksiko, suna fitowa cikin rigunan zamanin matarsa Martha. Riga ɗaya dubban daloli, ana wata da watanni ana ɗinkinta, nauyinta har sai yarinya ta koyi yadda za ta yi tafiya da rusunawa a ciki. Ta bi 'yan mata biyu, ɗaya daga ɓangaren Amurka, ɗaya daga Nuevo Laredo a tsallaken kogi. Ba mai kuka, ba mai gudun jami'ai. Tambayar kawai ita ce me ya sa jikokin mutanen da Amurka ta ci ƙasarsu suke wannan ado don shugaban Amurka na farko. Kuma ba ta yi musu izgili ba, ta bar ka ka yi tunaninka.

Ummi_Tudunwada:
Ikon Allah. Su ma ashe suna da masu kuɗin da ba su san inda za su kai shi ba.

Malam_Tarihi:
Maman Ilham ta taɓo inda ya dace. Teksas da Kalifoniya da sauran yankin nan duk ƙasar Meksiko ce a da. Yarjejeniyar 1848 bayan yaƙi ce ta tabbatar wa Amurka su. Akwai gidaje a Laredo da suka riga iyakar zuwa wurin.

Kafin Las Marthas ta yi wani tare da John Valadez a 2008, The Last Conquistador, a kan garinsu El Paso. Hukumar gari ta sa aka ƙera wani makeken mutum-mutumin tagulla na Juan de Oñate a kan doki, Basifaniyen da ya jagoranci mamaye yankin. Wasu 'yan asalin Sifen da Meksiko na kallonsa a matsayin kakan da ya kafa su. Mutanen Acoma kuwa, 'yan asalin yankin tun kafin zuwan Sifaniyawa, abin da suka riƙe shi ne 1599, lokacin da ya ragargaza garinsu ya yanke hukuncin a sare wa mazajensu ƙafa. Rigima ta yi zafi har aka cire sunansa daga jikin aikin. Abin lura, al'ummarta ce ta saka a gaba a wannan fim ɗin. Mai neman tafi ba ya fara tone-tone daga cikin gidansu.

Sagir_Kurna:
Malam, na ji, kuma ban ce muguwa ce ba. Amma 'yan matan Laredo in fim bai yi musu daɗi ba, iyayensu na da lauyoyi. Claudio fa? Tambayata a kan wanda ba shi da gata ce.

Aghali_Agadez:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma maganar Malam Sagir ta taɓa ni, don mu a nan mun sha kyamara har ta ishe mu.

Bayan dokar 2015 da ta haramta jigilar 'yan ci-rani zuwa Libiya, Turawa masu ɗaukar hoto suka yi ta zuwa. Kowa abu ɗaya yake so: Hilux cike da mutane ranar Litinin, ƙafafu na reto a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa a tsakanin cinyoyinsa don kada barci ya kwashe shi ya faɗo, ga bidodin ruwa an naɗe su da buhu. In sun samu wannan, sai su nemi direban da zai yi magana.

Wani ɗan ƙanin mahaifina direba ne. Wasu suka zo ta hannun wani mai yi musu tafinta, suka yi masa alkawarin ba za a ga fuskarsa ba. Ya naɗa rawaninsa har hanci, ya yi magana. Gaskiya fuskar ba ta fito ba. Amma motarsa ta fito, da tsagewar gilashin gaba da duk tasha ta sani, da ƙofar gidan da yake ajiye fasinja. A Agadez wa zai kasa gane wannan? Ba a jima ba jandarmomi suka kama motar, shi ma ya kwana biyu a hannu. Ban ce fim ɗin ne kaɗai sanadi ba, don lokacin kame ake yi ko'ina. Amma lambar da suka bar masa, da muka kira ba ta shiga. An soke dokar a Nuwamban 2023, su kuma ko saƙon gaisuwa.

Saboda haka da na ji an ce matar nan da mijinta sun tsaya har mutumin ya dawo, sai na ce to ai wannan ita ce tambayar. Ba wai ka ɗauka ko kada ka ɗauka ba. In abu ya ɓaci, wayarka na shiga?

Hajiya_Kumasi:
Allah sarki Aghali. Allah ya mayar masa da alheri.

Nana_Matamaye:
Malam Aghali, gaskiyarka, amma bari in faɗi ɗaya gefen. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, kuma mafi yawa daga yankinmu na Kance suka fito. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. An yi kwana biyu ana faɗa a rediyo, aka yi zaman makoki, shi kenan. Har yau a waje adadi ne kawai, 92. Ni da za a samu wata 'yar yankin da ta san harshen matan nan, ta zauna da iyayensu da kyamara, ta tambayi abin da ke fitar da mace da goyo zuwa bara a Aljeriya, wallahi da na fi son haka a kan shirun da aka yi. Shiru ma yana da nasa mamatan.

Dr_Asabe:
Maganar Nana ta tuna mini da wadda ta riga Ibarra a wannan fagen, Lourdes Portillo. A Chihuahua ta Meksiko aka haife ta, iyayenta suka yi ƙaura da ita zuwa Los Angeles, ta yi yawancin aikinta a San Francisco, ta rasu a Afrilun 2024. Fim ɗinta na farko a 1979 a kan wata 'yar Nikaraguwa ce da ke neman rayuwa a San Francisco bayan girgizar ƙasar Managua. Sannan ita da Susana Muñoz suka yi fim a kan iyaye matan Ajantina da ke zagaya dandalin Plaza de Mayo da fararen ɗankwali suna neman 'ya'yansu da gwamnatin soja ta ɓatar, har ya shiga takarar Oscar.

Wanda ya shafi muhawararmu shi ne Señorita Extraviada na 2001. Ciudad Juárez, garin da ke kallon El Paso ta tsallaken kogi, tun 1993 ake tsintar gawarwakin 'yan mata a jeji, da yawansu ma'aikatan masana'antun da ke haɗa kaya don kasuwar Amurka, waɗanda suka baro ƙauyukansu neman aiki. Hukuma na cewa ai 'yan yawon dare ne. Jaridu na buga hotunan gawa. Ita kuwa sai ta juya kyamarar: hotunan yaran suna raye, rigunansu da uwa ta shimfiɗa a kan gado, takalma, da baƙin gicciyen da iyalai ke zanawa a kan fenti ruwan hoda a jikin turakun lantarki. A ciki akwai matar da ta fito ta ba da shaidar abin da 'yan sanda suka yi mata a tsare, a garin da 'yan sandan ke yawo da bindiga. Haɗarin da ta ɗauka ya fi na Claudio. Da Portillo ta ce don kare ta ba za ta saka ba, wa ta kare? Matar, ko 'yan sandan?

Ina koya wa ɗalibaina cewa mutumin da ya yanke shawarar yin magana, hana shi ma wani nau'in raini ne.

Sagir_Kurna:
Dakta, da girmamawa, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mutumin da ke tsare, ko uwar da aka kashe wa 'ya, in ka ce zan kai kukanki duniya, ai ba za ta tsaya karanta takardar amincewa ba. Wannan yardar, yarda ce?

Dr_Asabe:
Tambaya ce mai kyau, kuma ba ni da amsar da za ta rufe ta. Abin da zan ce, yarda ba sa hannu ɗaya ba ce a ranar farko. Fim ɗin Ibarra ya ɗauki daga 2012 zuwa 2019. Claudio a lokacin da aka gama yana waje, yana gidansa, ya ga sauyin gwamnati, kuma ya ci gaba da magana da 'yan jarida da bakinsa. Wannan ya bambanta da wanda aka tsare a tasha aka ɗauka cikin minti goma.

Abba_Dorayi:
Ku tuna fa a nan ma mun ga aikin dokumentari. Binciken BBC a kan kodin a 2018, yana fita gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tarin mai kodin. Shekara nawa malamai da iyaye suna kuka ba a ji ba?

Dan_Maliki77:
An hana a takarda. Je ka lungu ka gani ko sun daina sha.

Admin_Zaure:
Jama'a a dawo kan batu don Allah. Zancen kodin a buɗe masa nasa zaren.

Editan_Zoo_Road:
To bari in dawo ta kan kuɗin, tunda shi ya fi ci wa Malam Sagir rai. Kyautar MacArthur ba ladan wannan fim ɗin ba ce. Ba a nema, zaɓar mutum ake yi a kan aikinsa gaba ɗaya, kuma a cikin shekara biyar ake biya. Dokumentari irin wannan ba ya kawo kuɗi, da tallafin gidauniyoyi ake haɗa shi guntu-guntu. Wannan ma da ya tashi fita kasuwa a 2020 ya tarar da kullen korona, gidajen sinima a rufe, daga baya tashar PBS ta nuna shi. Wanda ke neman arziki da kyamara ba zai kashe shekara bakwai a kan gidan tsare baƙi ba.

Amma ina tare da kai a abu ɗaya. Suna da daraja da gayyata zuwa jami'o'i, duk wurin darakta suke tafiya. Wannan ba a raba shi.

Zainab_BUK:
To me zai hana a riƙa biyan waɗanda aka ɗauka?

Lauya_Hadiza:
Ƙanwata, in kin biya mai ba da shaida, kin ba abokin hamayya sanda. Gobe lauyan gwamnati zai miƙe ya ce an saye shi ne ya faɗi abin da ya faɗa. Ga wanda shari'arsa ke gaban alƙalin shige da fice, wannan na iya kashe shi. Shi ya sa 'yan jarida ke gudun abin. Akwai masu ganin a ware wani kaso na ribar fim in an samu, ko a ɗauki nauyin lauya tun kafin fim ya fita. Ni na fi son na biyun. Kafin ka haska fuskar marar takardu, ka tanadi wanda zai tsaya masa ranar da aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Bashir_Bronx:
Wani abin da ba a ambata ba: shi Marco bai tsaya nan ba. A 2013 yana cikin matasa tara da suka gabatar da kansu a iyaka daga ɓangaren Meksiko suna neman a bar su su dawo. Shari'arsa ta ja shekaru, sai a 2021 aka ba shi mafaka. Iyayensa na da gidan abinci a nan kudancin Bronx, lokacin korona sun yi ta raba abinci kyauta. Irin waɗannan mutanen tun kafin Ibarra ta zo suke fita titi suna shelar cewa ba su da takardu kuma ba sa tsoro. Dabararsu kenan, sun lissafa cewa wanda duniya ta san fuskarsa ya fi wuyar ɓatarwa a ɓoye. Wani lokaci lissafin ya ci, wani lokaci ya faɗi.

Sagir_Kurna:
Ka faɗi da bakinka, Malam Bashir. Ya ci wa Marco mai digiri da Turanci, ya faɗi a kan Claudio mai aikin ƙarfi. Ko a cikin marasa takardun ma akwai mai gata. Ni har yanzu ina nan a kan bakana, sai dai na karɓi ma'aunin Aghali na ko waya na shiga.

Maman_Ilham:
Kai dai Sagir ba a kayar da kai.

Zainab_BUK:
Tunda manya na kusa, ni ma ga tawa. Aikin kammala karatuna a kan matan da aka dawo da su daga aikatau a ƙasashen Larabawa ne. Biyu sun yarda su yi magana, ɗaya ta ce kada danginta su gane ta. Dusashe fuska ya isa?

Editan_Zoo_Road:
Bai isa ba, ki sake karanta abin da Aghali ya rubuta. Kada ki ɗauke ta a gidansu ko a unguwarsu. Ki ba ta hijabin da ba nata ba, ki duba hannu, zobe da lalle suna tona mutum. Muryar ma kada ki tsaya a sauya ta da kwamfuta, salon magana ba ya ɓuya ga 'yan uwa, gara ki sa wata ta karanta kalamanta ki rubuta a ƙasa cewa ba muryarta ba ce. Sunan gari da shekarar da ta tafi, ki cire in ba dole. Ainihin hoton kuma kada ya kwana a wayarki. In kin gama haɗawa ki kai mata ta kalla kafin malaminki ya gani.

Aghali_Agadez:
Ki kuma ba ta lambar da za ki riƙe ko bayan kin gama makaranta.

Zainab_BUK:
Na gode Yaya Edita, na gode Malam Aghali. In ta kalla ta ce a cire wani wuri, alhali shi ne ƙashin bayan labarin fa?

Lauya_Hadiza:
Sai ki cire.

Dr_Asabe:
Ban yarda a yanke da sauri haka ba, Barista. Ki fara tambayarta me take tsoro a wurin, wataƙila kalma ɗaya ce. Zainab, ki same ni ta akwatin sirri mu duba tare.